Yaƙin Gindin Aduwa: Yadda Sudan Da Sudan Ta Kudu Suka Gwabza A Heglig, 'Yan Kasuwa Suka Biya Kuɗin

Daga Kalakla, Khartum

Idan mai karatu bai manta ba, a cikin watan Afrilun 2012, wato watanni tara kacal bayan da Sudan ta rabu gida biyu, sojojin Khartum da na Juba sun gwabza ƙazamin faɗa a kan wani yanki mai arzikin man fetur da ake kira Heglig. Kwana goma cur sojojin Kudu suka yi suna riƙe da wurin, daga ranar 10 zuwa 20 ga watan, kuma da ƙura ta lafa sai kowane ɓangare ya fito yana bugun ƙirji cewa shi ne ya yi galaba. Tun da yake ɗan kasuwa ba ya sanin riba ko faɗuwa sai ya zauna ya rufe littafinsa, kuma yanzu an samu tazarar shekaru masu dama, mun ga ya dace mu yi wa wannan yaƙi lissafi irin na kasuwa: me aka ce wa jama'a kafin a fara, me sojoji suka iya yi a fagen daga, sannan a aljihun wa aka ciri kuɗin.

Mu mazauna Kalakla, a kudancin birnin Khartum, muna zaune ne a bakin babbar hanyar da ta bi gaɓar Farin Nilu ta ratsa Jabal Auliya da Giteina da Rabak da Jabalain har ta kai Joda a bakin iyaka, daga nan ta faɗa garin Renk na Kudu. Ta wannan hanya ce manyan motocin dawa da albasa da sukari suka saba bi, don haka duk abin da ya taɓa iyakar Kudu, a kasuwar Laffa tamu ake fara jin ɗuminsa. Labarin kuwa bai tsaya ga mutanen Sudan kaɗai ba, domin 'yan'uwanmu da ke cin kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari da Birnin Ƙonni da Adre da Gallabat su ma sun san yadda kalamin shugaba guda ke rufe hanyar abincin dubban mutane.

Sunan wuri ɗaya, bakin mutum biyu

Abin da zai ba Bahaushe mamaki shi ne ma'anar sunan wurin da aka zubar da jini a kansa. A Larabcin Sudan, heglig ita ce bishiyar aduwa, wadda 'ya'yanta ake sayarwa a kasuwanninmu da sunan lalob. Su kuma 'yan ƙabilar Dinka na Kudu suna kiran wurin Panthou, wanda a harshensu ke nufin gida ko wurin aduwa. Ashe ke nan ɓangarorin biyu suna ɗaya suka raɗa wa wurin, bakin ne kawai ya bambanta. Shekaru aru-aru makiyayan Misseriya da na Dinka suna kiwo a wannan fadama, kuma ba ta zama abin da gwamnatoci ke kai ruwa rana a kansa ba sai da aka gano mai a ƙarƙashinta.

A 1999 ne aka kammala shimfiɗa bututu mai tsawon kimanin kilomita 1,600 daga Heglig zuwa gaɓar Bahar Maliya kusa da Fot Sudan, Sudan ta shiga sahun masu sayar da mai a duniya. Kamfanin GNPOC, haɗin gwiwar kamfanonin Sin da Malesiya da Indiya da na gwamnatin Sudan, shi ke aikin haƙowa a lokacin wannan yaƙi. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 9 ga Janairun 2005 ta ce iyakar Arewa da Kudu ita ce wadda Turawan Ingila suka bari ranar 1 ga Janairun 1956, amma har aka yi ƙuri'ar raba-gardama a Janairun 2011, inda fiye da kashi 98 cikin ɗari suka zaɓi ɓallewa, har aka ɗaga tutar sabuwar ƙasa ranar 9 ga Yulin 2011, ba a kafa turakun wannan iyaka mai tsawon kimanin kilomita 2,000 ba. An raba gida ba a raba gado ba.

Rabon ya zo da wani irin ƙulli. Kudu ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man, amma bututu da tashar jiragen ruwa da matatar mai duk suna Arewa. Khartum ta nemi a biya ta dala 36 a kan kowace ganga da ta bi ta bututunta, Juba ta taya ƙasa da dala ɗaya. Da ciniki ya ƙi faɗawa sai Khartum ta fara ɗibar man Kudu a tashar ruwa tana cewa ladanta take karɓa, Juba kuma ta ce an sace mata man da ya kai dala miliyan 815. A Janairun 2012 gwamnatin Salva Kiir ta rufe rijiyoyinta baki ɗaya, ganga kusan 350,000 a kullum, alhali daga man nan take samun kashi 98 cikin ɗari na kuɗin shigarta. Abin da ya rage wa Arewa bai wuce ganga 115,000 a rana ba, kuma kusan rabinsa daga Heglig yake fitowa. Wanda ya riƙe wannan lissafi a kai ya fahimci dalilin da ya sa bindiga ta tashi a nan ba a wani wuri ba.

Hujjar Juba

Gwamnatin Kudu ta kafa hujjoji biyu, kuma ta riƙa sauyawa daga wannan zuwa waccan gwargwadon wanda take yi wa magana. Ta farko ita ce kare kai. Ta ce sojojin Sudan sun mayar da Heglig sansanin da suke tasowa su kai hari cikin jihar Unity, jiragensu kuma suna ruwan bama-bamai a kan ƙauyuka da rijiyoyin mai, don haka ta bi maharan ne har inda suka fito. A wannan magana akwai ƙamshin gaskiya, domin ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Kudu sun sha tabbatar da cewa an jefa bama-bamai a cikin ƙasar.

Hujja ta biyu ita ce mallaka. Juba ta ce Panthou ƙasar Dinkawan Ruweng ce, tana cikin Kudu bisa iyakar 1956, kuma Khartum ce ta janye ta zuwa lardin Kordofan bayan da mai ya bayyana, inda take nuni da wani umarni da gwamnatin tarayya ta aika wa gwamnan Unity a 2004. Matsalar ita ce hujjojin biyu ba sa tafiya tare. Wanda ya ce ya bi ɓarawo ne har gidansa ya amince ke nan cewa gidan ba nasa ba ne, wanda kuma ya ce gidansa ya koma ba ya kafa sharaɗin fita. Ita kuwa Juba ta kafa sharuɗɗa: sojojin Sudan su fice daga Abyei da suka mamaye tun watan Mayun 2011, a daina kai hari ta sama, sannan a girke dakarun ƙasa da ƙasa a Heglig. Nan take duniya ta gane cewa jingina aka kama don a ja farashi. Ranar 12 ga Afrilu Shugaba Kiir ya shaida wa majalisarsa cewa Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Ban Ki-moon ya bugo masa waya yana neman ya janye, shi kuma ya amsa masa cewa ba a ƙarƙashin umarninsa yake ba. An tafa masa a Juba, amma maganar ta jawo masa baƙin jini a wurin ƙasashen da suka tsaya masa har ya samu 'yanci.

Hujjar Khartum

Ita ma Khartum hujja biyu ta riƙe. Ta farko hukuncin kotun sasantawa ta birnin Heg na ranar 22 ga Yulin 2009, wanda ya shata iyakar Abyei ya bar Heglig a wajenta. Gwamnati ta ce wannan ya nuna wurin na jihar Kordofan ta Kudu ne. Gaskiyar magana ita ce iyakar Abyei aka kai wa kotun, ba a tambaye ta ko Heglig ta Arewa ce ko ta Kudu ba, amma tun da yankin yana hannun Khartum a ranar rabuwa, Tarayyar Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya duk sun ɗauki shigar sojojin Kudu a matsayin haramtacciyar mamaya. Wannan na daga cikin lokuta ƙalilan da gwamnatin Umar al-Bashir, wanda Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ke nema tun 2009, ta wayi gari duniya na ba ta gaskiya.

Hujja ta biyu ita ce Juba na ɗaure wa 'yan tawayen Arewa gindi, wato SPLM reshen Arewa da ke yaƙi a duwatsun Nuba tun Yunin 2011 da jihar Shuɗin Nilu tun Satumbar wannan shekara, da ƙungiyoyin Darfur irin su JEM, waɗanda suka haɗe cikin ƙawance ɗaya a Nuwamban 2011. Nan ma akwai gaskiya, kamar yadda akwai gaskiya a zargin Juba cewa Khartum na bai wa 'yan bindigar Kudu makamai. Kowa na riƙe da wuƙa a bayan ɗan'uwansa.

Da gwamnati ta tsaya a kan cewa an shigo mata gida za ta fitar da mai kutse, da hujjarta ta tsaya da ƙafarta. Sai dai baki shi ke yanka wuya. Ranar 16 ga Afrilu majalisar dokoki ta ayyana gwamnatin Kudu a matsayin abokiyar gaba. Bayan kwana biyu, a gaban taron matasan jam'iyyarsa, Shugaba Bashir ya juya sunan jam'iyyar SPLM daga haraka, wato ƙungiya, zuwa hashara, wato ƙwaro, ya ce burinsa shi ne ya 'yantar da mutanen Kudu daga hannunta. Yaƙin ƙwato rijiya ya rikiɗe ya zama na kifar da gwamnatin maƙwabta, abin da babu sojan da aka tanada domin yin sa. Mu da ke aikin rediyo mun ga yadda irin wannan kalami ke sauka a unguwanni, inda 'yan Kudu da aka haifa a Khartum suka koma tafiya a ɗarare, kuma ranar 21 ga watan wasu gungun mutane suka cinna wa harabar wani coci wuta a unguwar Jireif ta Yamma.

Abin lura a nan shi ne ana dab da sulhu aka yi wannan ɓarin. Ranar 10 ga Fabrairu ƙasashen biyu sun sa hannu a Addis Ababa cewa ba za su kai wa juna hari ba. A tsakiyar Maris suka amince da 'yanci huɗu ga 'yan ƙasashen juna: zama, zirga-zirga, sana'a da mallakar dukiya, abin da kowane ɗan kasuwa ke fata. An ma sa ranar 3 ga Afrilu Bashir zai je Juba. Masu tsattsauran ra'ayi, musamman jaridar Al-Intibaha ta Ɗayyib Mustafa, suka yi ca a kan wannan yarjejeniya, sannan ranar 26 ga Maris faɗa ya ɓarke a kan iyaka kusa da Heglig, tafiyar ta wargaje.

Rawar da sojoji suka taka

A kan takarda, rundunar Sudan ta fi ta Kudu nesa ba kusa ba. Tana da jiragen yaƙi samfurin MiG-29 da Sukhoi, da jirage masu saukar ungulu na kai hari, da masana'antar ƙera makamai, kuma rundunar tsaro ce ke lashe kaso mafi tsoka na kasafin kuɗin ƙasa. Ita kuwa SPLA tsofaffin 'yan tawaye ne da ba su da jirgin yaƙi ko ɗaya, ba su da ingantacciyar kariya daga harin sama, sai tankoki samfurin T-72 da ɗimbin sojan ƙasa da suka san dajin kamar tafin hannunsu.

Duk da haka, ranar Talata 10 ga Afrilu Heglig ta faɗi cikin yini guda, sojojin Sudan suka ja da baya zuwa wajen Kharasana da ke arewa. Abin kunyar shi ne an riga an yi musu gargaɗi, tun da makonni biyu kafin nan an yi artabu a wannan wuri. Rijiyar da ke ba ƙasa rabin manta ba a tanadar mata tsaron da ya dace ba, domin rundunar ta rarrabu tsakanin Darfur da duwatsun Nuba da Shuɗin Nilu, kuma shekara da shekaru an saba da tura dakarun sa-kai da mayaƙan ƙabilu gaba, soja na biye. Har a cikin jam'iyya mai mulki an samu masu kiran Ministan Tsaro Abdurrahim Muhammad Husaini ya sauka.

Ƙarfin sama ma bai yi aikin da aka zata ba. Yawancin bama-baman daga jiragen Antonov ake mirgino su, waɗanda asalinsu na ɗaukar kaya ne ba na yaƙi ba, suna tashi can ƙololuwa, saitinsu kuwa sai abin da hali ya yi. An auna gadar da ta haɗa Bentiu da Rubkona don a katse wa sojojin Kudu hanyar kai kayan yaƙi, gadar ta tsira, fararen hula suka mutu. Ranar 23 ga Afrilu, bayan an ce yaƙi ya ƙare, bam ya faɗa cikin kasuwar Rubkona ya ƙone rumfuna. 'Yan'uwa 'yan kasuwa, a lura da kyau: gada aka nufa, rumfar mai tireda ta ci wuta.

Su ma sojojin Kudu bajintar tasu ta tsaya ne a kan kamawa. Kama wuri daban, riƙe shi daban. Filin Heglig shimfiɗaɗɗe ne babu wurin ɓuya daga jirage, hanyar kawo musu harsashi da mai da abinci doguwa ce, damina na ƙaratowa, baitulmalin gwamnatinsu kuma babu abin da ke shiga cikinsa tun Janairu. Masu bincike sun kuma ba da rahoton cewa mayaƙan JEM na Darfur sun taya su faɗan, ko da yake Juba ta musanta, lamarin da ya ƙarfafa zargin da Khartum ke yi tun farko. Amurka, babbar ƙawarsu, ta matsa musu lamba su fita, Sin kuma, wadda kuɗinta ke cikin rijiyoyin ɓangarorin biyu, ba ta goyi bayan kowa ba.

Wa ya kori wa?

Ranar Juma'a 20 ga Afrilu sanarwa biyu suka fito kusan a lokaci ɗaya. A Juba, kakakin gwamnati Barnaba Marial Benjamin ya ce shugaban ƙasa ya ba da umarnin janyewa cikin tsari a cikin kwana uku, domin amsa kiran duniya. A Khartum, Ministan Tsaro ya ce dakarunsa sun ƙwato garin da ƙarfin tsiya. Jama'a suka cika tituna da tutoci da hon na motoci. Kwamandan da ya jagoranci farmakin, Kamal Abdulma'aruf, ya ce sun kashe sojojin Kudu 1,200. Rundunar Kudu kuwa ta ce sojojinta 19 ne suka mutu, ita ce ma ta kashe na Sudan 240. Tazarar da ke tsakanin 19 da 1,200 ta isa ta nuna wa mai hankali cewa yaƙi ɗan zamba ne, kuma alƙaluman da kakakin soja ke karantowa kamar farashin farko ne da dillali ke yankawa.

Abin da ya tabbata shi ne sojojin Kudu sun fita a ƙarƙashin wuta ta sama da ta ƙasa da kuma matsin lambar ƙasashen waje, 'yan jaridar da aka kai wurin sun ga gawawwaki da dama, sannan an yi wa na'urorin tattara mai mummunar ɓarna, kowane ɓangare na ɗora wa ɗayan laifi. Ranar 23 ga watan Shugaba Bashir ya sauka Heglig ya ce babu sauran tattaunawa da Juba, harshen bindiga kaɗai suke ji. Washegari Kwamitin Tsaro na Tarayyar Afirka ya fitar da taswirar sulhu, ranar 2 ga Mayu kuma Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2046 da ke barazanar takunkumi ga duka biyun. Kafin watan Yuni ya yi nisa, waɗanda suka rantse ba za su zauna da ƙwari ba suna zaune da su a Addis Ababa a gaban tsohon shugaban Afirka ta Kudu Thabo Mbeki.

Kasuwa ce ta biya

Tun daga tsakiyar 2011 Khartum ta fara toshe hanyoyin kaya zuwa Kudu, amma yaƙin Heglig ne ya sa aka garƙame ƙofar. Mataimakin Shugaban Ƙasa na ɗaya, Ali Usman Muhammad Ɗaha, ya tsaya a majalisa ya nemi a ba jami'an tsaro izinin harbe duk wanda aka kama yana fasa-ƙwaurin abinci zuwa Kudu, ranar 29 ga Afrilu kuma aka kafa dokar ta-ɓaci a ƙananan hukumomin bakin iyaka na jihohin Kordofan ta Kudu da Farin Nilu da Sinnar. Mutumin da ya gaji fataucin dawa daga kakansa ya kwana ɗan kasuwa ya tashi mai taimakon abokan gaba. An ƙwace motoci da kaya, an gurfanar da direbobi a kotunan musamman.

Asarar ta bi ta kowane ɓangare. Garuruwan Renk da Malakal da Bentiu da Aweil da Wau sun dogara ne da dawa da fulawa da sukari da gishiri da albasa da man girki da man dizal na Arewa. Da aka rufe, sai dai a ɗauko kaya daga Yuganda da Kenya ta Nimule, tafiyar makonni a kan hanyar da damina ke yankewa. A watan Mayun 2012 hauhawar farashi a Kudu ta kusa kashi 80 cikin ɗari, tattalin arzikin ƙasar kuma ya ragu da kusan rabi a wannan shekara. A Arewa kuwa manomin Gadarif da na Sinnar da mai albasa da mai masana'antar sabulu sun rasa babbar kasuwarsu, wadda tuni 'yan kasuwar gabashin Afirka suka gaje ta. Jiragen ruwan dakon kaya da ke tashi daga Kosti zuwa Malakal da Juba suka tsaya cik, abin da ya taɓa masunta da masu busasshen kifi da 'yan dako, waɗanda Hausawa na da yawa a cikinsu. A tashar ruwan Kosti 'yan Kudu kimanin 12,000 ne suka maƙale da kayansu, sai a watan Mayu hukumar kula da ƙaura ta duniya ta kwaso su zuwa Khartum aka ɗebe su ta jirgin sama. Makiyayan Misseriya da Rizeigat da Fulani, waɗanda ke gangarawa Kudu da rani neman ruwa, su ma suka rasa inda za su sa kansu.

Mu na cikin birni ma ba mu tsira ba. An yanki albashin kwana biyu na ma'aikatan gwamnati domin tallafa wa soja. Murnar ƙwato Heglig ba ta cika wata biyu ba, ranar 18 ga Yuni Shugaba Bashir ya sanar da shirin tsuke bakin aljihu, aka fara janye tallafin mai, aka karya darajar jine daga kusan 2.7 a kan dala zuwa sama da 4, a kasuwar bayan fage kuwa abin ya fi haka. Hauhawar farashi ta haura kashi 40 cikin ɗari. Zanga-zangar da ɗalibai mata na Jami'ar Khartum suka fara ranar 16 ga Yuni ta bazu cikin unguwanni, kuma da aka sake janye tallafi a Satumbar 2013 an yi wadda ta fi ta muni, inda ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ce an kashe mutane kusan 200, akasari a unguwannin Khartum da Omdurman.

Daga ƙarshe dai ciniki aka yi

A farkon Agustan 2012 aka daidaita kan farashi: dala 11 kan kowace ganga da ta bi bututun Heglig, dala 9.10 kan wadda ta bi ɗaya bututun na jihar Nilu ta Sama, sannan Kudu za ta biya Arewa dala biliyan 3.028 cikin shekara uku da rabi don rage mata raɗaɗin rabuwa. Ranar 27 ga Satumba shugabannin biyu suka sa hannu kan yarjeniyoyi tara a Addis Ababa, ciki har da janye soja kilomita 10 daga kowane gefen iyaka, da 'yancin nan huɗu da aka riga aka amince da su tun watan Maris. Mai bai sake gudana ba sai a Afrilun 2013, watan da Bashir ya kai ziyarar Juba da ya fasa shekara guda kafin nan. Batun mallakar Heglig ba a warware shi ba, haka na Abyei. Iyaka kuwa sai a Janairun 2016 Bashir ya ba da umarnin buɗe ta, kuma ko a nan ma buɗewar ta riƙa tafiya tana tsayawa. Wato ganga ta samu hanya kusan shekara uku kafin buhun dawa ya samu. Talakawa da kansu ne suka nemi mafita, kamar kasuwar Amiet da Misseriya da Dinka Ngok suka kafa a Abyei a 2016.

Akwai wani bashin da ya fi wannan nauyi. Raunin da aka gani a Heglig ya sake bayyana a Afrilun 2013, lokacin da 'yan tawaye suka kutsa Umm Ruwaba suka kama Abu Karshola. Maimakon a gyara rundunar ƙasa, a wannan shekara gwamnati ta tattara mayaƙan ƙabilu na Darfur ta kafa dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF a ƙarƙashin Muhammad Hamdan Dagalo. Su ne suka juya wa soja baki ranar 15 ga Afrilun 2023, aka yi kusan shekara biyu ana yaƙi a cikin Khartum, har da unguwanninmu na Kalakla. Kudu ita ma ta faɗa nata yaƙin basasar a Disambar 2013, garin Bentiu ya sha sauya hannu. A Disambar 2025 kuma RSF ta kama Heglig, sojojin Sudan da ke gadin wurin suka tsallaka cikin Sudan ta Kudu neman tsira, sannan aka amince sojojin Kudu su shigo su tsare rijiyoyin. Rundunar da aka kira ƙwari a 2012 ita aka bai wa amanar gindin aduwar bayan shekara 13.

Abin da ya kamata mu riƙe

Wannan ba ya nufin ƙasa ba ta da haƙƙin kare iyakarta. Abin da muke jan hankali a kai shi ne a riƙa auna maganar yaƙi kamar yadda ake auna kaya. Idan hujja ta fara sauya kama, yau kare kai gobe mallaka, yau ƙwato gari gobe kifar da gwamnati, to akwai lauje cikin naɗi. Idan aka ce soja zai gama aiki cikin kwanaki, a tambaya ina yake samun mai da abinci, kuma fage nawa yake yaƙi a lokaci guda. Idan aka karanto adadin gawawwakin abokan gaba, a jira a ji ta bakin wanda ba shi da rabo a cikin cinikin.

Nijeriya da Kamaru sun yi ta arangama a kan Bakassi, amma suka kai ƙara Kotun Duniya, ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoban 2002, aka sa hannu a Greentree a 2006, aka miƙa yankin a Agustan 2008. An ji zafi, amma kasuwannin Mubi da Banki da Gamboru ba su mutu saboda shi ba. A ɗaya gefen, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ko harsashi ɗaya ECOWAS ba ta harba ba, amma barazanar yaƙi da rufe iyaka har zuwa Maris na 2024 sun isa su ruɓar da albasa da tumatir a kan motoci, su karya jarin mutanen Illela da Ƙonni da Jibiya da Maraɗi. A wancan karon sarakuna da malamai da 'yan majalisar dattawan Arewa sun fito sun yi magana tun kafin a ɗaura damara, kuma maganar tasu ta yi tasiri.

Don haka muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da sarakunan kasuwa da sarakunan zango da kada su ɗauka maganar iyaka ta 'yan siyasa da soja ce kawai. Su ƙulla zumunci da takwarorinsu na tsallake tun ana zaman lafiya, su rubuta basussukan da ke tsakaninsu da shaidu, su guji tara dukkan jari a gefe ɗaya na iyaka idan suka ji kalamai sun fara zafi, sannan su kai kokensu ga hukuma da gidajen rediyo tun wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya buɗa mana hanyoyin neman halak.